Kira Tara da Ba a Ɗaga Ba

Litinin, 7 ga Yuli, bayan magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu yau da ƙarfe tara da kwata na safe, a ɗakinsa, a gidanmu na Balan. An kai shi makwancinsa bayan azahar.

Komai ya tafi daidai. Ina so in rubuta wannan tun yanzu: komai ya tafi daidai. Kafin ƙarfe goma likkafani ya iso daga Gaya, masu haƙa sun fita, liman ya ji, Yaya Hindatu ta kamo hanya daga Kano. Ban motsa daga gindin darbejiyar ƙofar gida ba, komai da yatsa ɗaya na yi shi a waya. Bayan an dawo daga maƙabarta wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ja'afaru ya bar magaji."

An yi sahu bakwai. Baffa Inuwa bai zo ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Ya zo yau da hantsi. Baffa Inuwa, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda rabonsa da Balan shekara huɗu ke nan, tun rigimar ɗorawar gonar gado. Ɗansa Suhaib ne ya kawo shi a babur daga Gafasa, ya sauke shi a bakin layi ya tsaya can nesa, ko saukowa bai yi ba.

Muna zaune a kan tabarmi ya yi sallama. An amsa, amma irin amsawar nan ta ciki-ciki. Ba wanda ya matsa masa, sai ya tsuguna a gefe, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. Alhaji Muzammil maƙwabcinmu, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya ce, "Malam Inuwa, sai yau?" Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya yi addu'a aka shafa. Ya shiga ciki ya yi wa Inna gaisuwa, bai fi minti biyar ba ya fito.

Da zai tafi ya tsaya a gabana. Na zaci faɗa zai yi, har na shirya masa. Sai ya ce, "Mudassiru, ina wayar Yaya?"

Na ce, "Tana ajiye."

Ya ce, "To. Allah Ya ji ƙansa."

Shi ke nan. Mutum yayansa ya mutu, abin da ya dame shi waya. An ce daga nan maƙabarta ya wuce, sai da ya tambayi mai gadi aka nuna masa kabarin.

Laraba, 9 ga Yuli, azahar

Sadakar uku. Maganar da ke bakin kowa ita ce Inuwa ya ƙi zuwa jana'izar ɗan'uwansa saboda bishiya. Ni ban faɗa ba. Ban ce wa kowa haka ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Tunda ba mai karanta wannan littafin sai ni, bari in zayyana yadda na yi aikin ranar, don in gani a rubuce cewa ban yi sakaci ba.

A sakateriya Mai Yanke ake ce min, kuma ba zagi ba ne. Ni na koya wa rabin ofishinmu cewa idan ka ɗora yatsa a kan alamar manhaja ka riƙe, maimakon ka taɓa ka saki, wani ɗan jeri yana ɓullowa. A ta kira za ka ga mutanen da ka fi kira, a ta wasaf waɗanda ka fi yi wa saƙo, a ta kyamara ka shiga ɗaukar bidiyo kai tsaye. Kuma kowanne kana iya jawo shi ka ajiye a fuskar waya ya zama taɓawa ɗaya. Ba buɗe-buɗe, ba neman suna. Na taɓa zama na lissafa, minti ashirin nake tsira da su a yini. Mutanen da ke ɓata rabin awa suna laluben lamba kamar makafi su ne yanzu suke ganin sun fi ni sanin ya kamata.

Shafin farko na wayata fuskoki ne guda goma sha biyu: Fiddausi matata, Yaya Hindatu, Baba, liman, Kawu, shugaban sashenmu, da sauransu, sai guruf ɗin dangi na wasaf a ƙarshe. Ranar Litinin na fara daga sama na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta Baba kawai na tsallake. Minti goma sha huɗu na gama, na saka sanarwa a guruf, saƙonnin ta'aziyya suka fara zubowa. Da na kai fuskar ƙarshe na ji a raina aiki ya ƙare. Inna ta leƙo daga ɗaki ta tambaye ni ko an gaya wa kowa, na ce an gaya wa kowa.

Baffa ba shi da babbar waya, ba ya cikin guruf. Suhaib yana ciki a da, shi ya fita da ƙafarsa. Wannan ba ni na jawo ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Sadakar bakwai. Yaya Hindatu ta rantse a tsakar gida, a gaban mata, ko mutuwa Baffa ya yi ba za ta taka Gafasa ba. Sai ta juyo ta ce, "Mutumin da aka kira ya ƙi zuwa? Ai ka kira shi, ko Mudan?"

Ina shan ruwa a moɗa lokacin. Na ɗaga kai na sauke don in haɗiye, ita kuma ta ɗauka amsa na ba ta. Ban gyara mata ba.

Inna tana kan tabarmar takabarta da carbi a hannu. Ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta ci gaba da jan carbinta. Tun ranar ba ta sake tambayata ko na ci abinci ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe biyu, a ofis

Na koma aiki. Kowa ya zo ya yi min gaisuwa, kowa sai ya ƙara da cewa ya ji abin da ƙanin marigayi ya yi, Allah Ya kyauta. Har Gaya maganar ta iso. Na ce amin.

Surayya, sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo sashenmu, ta miƙo min wayarta wai an ce ni ne malamin yanke. Na nuna mata. Ta danna ta riƙe, jerin ya fito, ta yi dariya ta ce, "Oga, ashe duk wahalar banza nake sha." Na jawo mata fuskar mahaifiyarta na ajiye a gaba. Ta yi godiya kamar na ba ta fili.

Fuskar Baba tana nan a wayata, ta uku a layin sama, da farar hularsa ta sallah. Ban iya cire ta ba, ban kuma iya kallonta ba.

Bara da na saya masa babbar waya na zauna na shirya masa ita tsaf, tunda ba ya karanta boko. Fuskata, fuskar Yaya Hindatu, fuskar liman. Na ce, "Baba, taɓawa ɗaya kawai za ka yi." Ya juya ta ya ce, "Ni ina za ni da nake sauri?" Duk da haka na sha ganinsa yana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya da yatsansa mai kaushi, leɓensa na motsi kamar mai tilawa. Na ce ya ba ni lambar in saka masa fuskar mai ita ya huta. Ya ce, "Bar ta, a kaina take." Taurin kan tsofaffi na ɗauke shi.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan azahar

Na haɗu da Suhaib a gidan mai. Na yi kamar ban gan shi ba, ya kafe babur ɗinsa ya tako har inda nake.

Ya ce, "Mudassir." Haka kawai, ba Yaya. Shekara shida na girme shi.

Ya ce, "Ka san yadda babana ya ji? Yana gona, mai adaidaitan da ke kawo mana taki ya tsaya ya ce, Malam ya haƙuri. Ya ce haƙurin me? Mutumin daga jana'izar yake, ƙasar maƙabarta ba ta bar takalminsa ba. Baƙo ne ya gaya masa yayansa ya mutu, Mudassir, bayan an binne."

Na ce masa na saka a guruf.

Ya ce, "Wane guruf? Shekara goma sha biyar in liman ba ya nan shi yake jan salla a unguwarmu. Shekaranjiya liman ya yi tafiya, aka tsallake shi aka tura wani. Yana tsaye a sahun gaba. Ka gane?"

Na ce to me ya hana shi faɗa, ba shi da baki ne?

"Ya ce ɗan yayansa ne kai, ba zai tona maka asiri a kan tabarmar makokin ubanka ba. Ni ma ya sa na rantse. In ba don haka ba, wallahi da tuni."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Mai zuba mai yana ta kallona, na manta ma ban rufe tanki ba.

Talata, 22 ga Yuli, da safe

Da Baffa ya fito ya faɗa da ya fi min sauƙi. Wannan shirun nasa mugunta ce, kuma ya san abin da yake yi.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

An yi ruwa sosai. Geron Baba ya kai gwiwa, ba mai kewaya shi.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Balan bayan an sauko daga masallaci. Ina gama gaishe da Inna ta ce, "Wayar Malam tana ina?" Su biyu ke nan masu tambayar waya.

Tana cikin adakarsa. Ranar da abin ya faru, da asuba, Baba yana fama da numfashi ta yi ta ƙara a gefen matashinsa. Na duba na ga lamba ce ba suna, na sa ta shiru na jefa ta cikin adaka tare da tabaransa. Tun ranar ban sake bi ta kanta ba.

Inna ta ce, "Ka sa mata caji ka duba."

Na ce, "In duba me, Inna?"

Ta ce, "Ai kai ne ka iya waya."

Na ɗauko ta na taho da ita Gaya.

Akwai abin da zan gyara. Ranar Asabar 12 ga wata na rubuta cewa Inna ta tambaye ni ko an gaya wa kowa. Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi, "Ka gaya wa Baffanka?" Ni ne na ce an gaya wa kowa.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Ta kama caji ta kawo wuta. Ga fuskoki ukun nan da na jera masa, fuskata a farko ina murmushi kamar ɗan takara.

Hannu ya saba. Na ɗora yatsa a kan alamar kira na riƙe, jerin ya ɓullo, na taɓa wajen kiran da ba a ɗaga ba. Lamba ɗaya ce, ba suna, ta ƙare da 417. Sau tara, duk a ranar Litinin ɗin. Na farko shida saura kwata, wanda na kashe wa ƙara da hannuna. Sai shida da rabi, bakwai, takwas, haka dai. Na ƙarshe ƙarfe biyu da minti goma. Biyu da minti goma muna ɗauke da makara.

Na koma baya. Lahadi, shida saura. Asabar, shida saura. Kullum bayan sallar asuba, wata rana Baba ne ya kira, wata rana shi aka kira. Minti shida, minti tara, ranar babbar salla minti ashirin da biyu. Na yi ta komawa baya har inda wayar ta iya tunawa, ban ga ranar da aka tsallake ba.

Na duba nawa. Ni mai taɓawa ɗaya, sau biyar na kira shi a watan Yuni, babu wanda ya kai minti biyu.

Fiddausi ta kawo koko ta ajiye, ta dawo ta same shi ya yi sanyi ta ɗauke. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah Ya yi mata albarka.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan asuba

Na san ko lambar wa ce. Amma na ce wa kaina sai na tabbatar, na kira ta da wayar Baba.

Bugu ɗaya aka ɗaga.

"Na'am, Yaya."

Ina jin numfashinsa, ina jin zakara na cara a bayansa. Ya tuna da kansa kafin in buɗe baki, na ji lokacin da ya tuna. Na kashe.

Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai. Wa ya aike ni.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan magariba

Zan rubuta maganar ɗorawa sau ɗaya, ba zan sake ba.

Baba ya sare ta don tana kashe masa gero. Baffa ya ce a gindinta mahaifinsu yake hutawa idan rana ta yi, ya kamata a shawarce shi. Suka ɗaga murya a zaure. Ni na shigo daga waje, ban ji farkon maganar ba, na ji dai ana yi wa ubana tsawa a gidansa. Na nuna wa Baffa ƙofa na ce kada ya ƙara taka gidan nan. A gaban mutane na faɗa. Baba ya ce, "Kai Mudan!" amma magana ta riga ta fita. Ranar na goge lambarsa daga wayata.

Yau na koma wajen Inna na ce mata na duba. Ta ce, "Su ai ko wata uku ba su yi ba suka shirya. Kai ne ba ka shirya ba. Baffanka ya ce ba zai shigo gidan da ɗa ya kore shi ba sai ɗan ya je ya ɗauko shi. Sau nawa Malam ya ce ka je?"

Sau da yawa. Kullum cewa nake zan je, aiki ne ya yi yawa, ba lokaci.

Na ce to me ya sa Baba ya ɓoye min suna waya? Ta ce, "Ba ɓoyewa ya yi ba, a tsakar gida yake yi kowa na ji. Kai dai in ka zo ba ka zama."

Saura abu ɗaya. Ban manta da shi ba ranar. Lokacin da Inna ta tambaya na tuna. Amma sai na nemi lamba a wajen wani, sai na yi sallama, sai na ce Baffa ni ne, da wannan bakin nawa. Sauran duk taɓawa ɗaya ne, shi kaɗai ne mai tsawo. Na ce bari in gama da likkafani tukuna. Ban sake tunawa ba sai ana jera sahu.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Gafasa. Ko awa ban yi a hanya ba. Shekara huɗu, ko awa ban yi ba.

Na same shi a gona yana maimai, shi kaɗai da fartanya. Ya rame. Daga baya in ka gan shi sai ka rantse Baba ne, har yadda yake dafa ƙugu in zai miƙe. Na durƙusa a cikin kunya na gaishe shi. Ya amsa duka, gida, aiki, iyali, haƙuri, bai rage ko ɗaya ba, amma bai daina sara ba.

Na ce, "Baffa, haƙuri na zo ba ka. Na wancan da na wannan."

Ya ce, "Na haƙura."

Da sauri haka, kamar na taka masa ƙafa a kasuwa. Sai na ciro wayar Baba na miƙa masa, na ce ko zai riƙe ta. Ya dube ta ya ce, "Me zan yi da ita? Wanda nake kira ba ya ciki."

Sannan ya jingina fartanyar a ƙafarsa. Ya ce, "Mu biyu muka wanke mahaifinmu. A ranar muka yi alkawari, duk wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai yi masa wanka. Ranar Lahadi ya ce min zazzaɓi ne, kada in damu. Da na yi ta kira ba a ɗaga ba na ce in na idar da la'asar zan zo, ko a ƙofar gida ne in tsaya."

Na ce, "Baffa, ban sani ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Abin da ya shafe ni na yafe, Mudassiru. Amma jikokina a makarantar allo ana ce musu jikokin wanda ya ƙi binne ɗan'uwansa. Wannan maganar ba a gona aka faɗe ta ba, ba kuma a gona za a janye ta ba."

Ya ɗauki fartanyarsa. Na daɗe a durƙushe, sai da ya yi nisa a kunyar sannan na tashi.

A hanya raina ya yi ta ɓaci. Na zo har gonarsa, na durƙusa a laka da wandon ofis, me kuma yake so? Na san abin da yake so.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Na rubuta saƙo mai kyau. Na ce an samu kuskure wajen isar da sanarwa, Baffa bai samu labari a kan lokaci ba, a daina zarginsa. Ba ƙarya a ciki. Guruf ɗin dangi yana nan a fuskar waya, taɓawa ɗaya ne na huta.

Na ba Fiddausi ta karanta. Ta ce, "An samu kuskure. Wa ya samu?" Na karɓi wayata. Ta ce, "Su Alhaji Muzammil suna cikin guruf ne? Shi Baffan yana ciki?"

Na goge. Na yi mata tsawa a kan takalmin yara da aka bari a ƙofa.

Lahadi, 10 ga Agusta, azahar

Saura kwana biyar a yi addu'ar arba'in. Zan iya cewa sabis ne ya ƙi. Kowa zai yarda, sabis ɗin Gafasa ba wanda bai san halinsa ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Shi Baffa ba zai ƙaryata ni ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Da sassafe na je Gafasa in ɗauko shi, kamar yadda ya ce tun shekara huɗu. Ya ce na kyauta, in yi gaba, Suhaib zai kawo shi. Bai hau babur ɗina ba.

Ya zo. Ya sake tsugunawa a gefen tabarma, inda ya tsuguna wancan karon. Bayan an yi addu'a, kafin a fara raba waina, na miƙe.

Na ce, "Jama'a, ina da magana. Baffa Inuwa bai ƙi zuwa jana'iza ba. Ban gaya masa ba ne. Inna ta ce in gaya masa, na ce mata na gaya wa kowa. Sau tara ya kira wayar Baba ranar, ni na kashe mata ƙara. Shi da Baba ba su da wata rigima, kullum da asuba sai sun gaisa. Ni na kore shi daga gidan nan, ni kuma na yi shiru kwana arba'in ana zaginsa."

Ko minti biyu bai kai ba. Wurin ya yi tsit, har ana jin mata na kankare tukunya a ciki. Alhaji Muzammil ya ce, "Subhanallahi," sannan ya ƙara da cewa shi dama tun farko ransa bai kwanta da maganar ba. Shi fa. Dattijon da ya ce Baba ya bar magaji ya duƙufa yana gyara igiyar takalminsa. Mutane suka fara matsawa suna buɗa wa Baffa wuri a tsakiyar tabarma, bai motsa ba. Liman ya ce shi ya rufe mana da addu'a. Ya ɗaga hannu ya yi, muryarsa ta karye a wajen sunan Baba, ya tsaya, ya ƙarasa.

Da na shiga ciki Yaya Hindatu tana tsaye a bakin rijiya, ido jawur. Ta ce, "Ka bar ni na rantse a kan ƙarya, Mudan. Kana kallona." Ta ɗauki mayafinta ta bi bayan Baffa. Ba ta yi min sallama ba da za ta koma Kano.

Inna ta turo min waina a kwano. Wannan ne karo na farko tun ranar bakwai.

Baffa ya tafi bai dube ni ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan asuba

Na haddace lambar Baffa. Ban ajiye ta a waya ba, ban jawo ta ko'ina ba. Na danna ta ɗaya bayan ɗaya, shida saura kwata. Ta yi ta bugawa har ta katse.

Talata, 19 ga Agusta, bayan asuba

Kira na huɗu. Bai ɗaga ba.

A ofis an daina ce min Mai Yanke a gabana. A bayana ban sani ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan asuba

Shida. Suhaib ya turo saƙo, layi ɗaya: jiya babansa ne ya ja magariba. Na rubuta masa alhamdulillahi.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan asuba

Tara. Yana ganin kiran, na sani, wayar tana aljihun gaban rigarsa kullum. Yanzu na san yadda ake ji idan tana bugawa.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Ya ɗaga.

Na yi sallama ya amsa. Na ce Baffa ina kwana, ya ce lafiya. Na fara tambayar gida, ya katse ni.

Ya ce, "Mudassiru, abu ɗaya zan tambaye ka. Waɗanda suka yi masa wankan, sun kula da kafaɗarsa ta hagu? Tun muna yara ya faɗo daga kan jaki, ba ta son a ɗaga ta da ƙarfi."

Ban taɓa sanin Baba yana da ciwon kafaɗa ba. Kuma ban shiga wajen wankan ba, ina gindin darbejiya ina amsa saƙonnin ta'aziyya. Zan iya cewa sun kula, da ya yarda.

Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Ina waje."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "To." Ya kashe.

Na duba fuskar wayar. Daƙiƙa arba'in da ɗaya, har da sallamar, har da shirun. Da ya ishe ni in gaya masa ranar jana'iza, har a yi saura.